Dillancin intanet: da gaske ne manhajojin rangwame na kwashe kamashon mai linki a bakin biyan kuɗi?

Ɗan Kawo:

Assalamu alaikum 'yan dandali. Tambayata ga waɗanda suka san dillancin intanet ce, wanda ake ba mutum linki na musamman ya tallata kaya, in an saya ta hanyarsa a ba shi kamasho. Nan Kaduna matasa da dama na yin bidiyon sharhin waya da kwamfuta da Hausa, wasu na tallar hostin (hayar wurin ajiye shafin intanet) da VPN (manhajar sakaya zirga-zirgar intanet) da kwasa-kwasai, kuma kukan kusan iri ɗaya ne: dashbod, wato shafin lissafin dillali, na nuna an danna linki sosai, masu kallo na cewa sun saya, amma kamashon bai taka kara ya karya ba. Tun da maganar Honey ta fito, wato manhajar rangwamen da aka zarga da kwashe kamashon dillalai, kowa ya ɗora laifin a kan 'yan manhajojin nan da ake liƙa wa burauza, ekstenshan, masu nemo lambar rangwame.

Don Allah a warware min. Ta yaya manhajar da ke kan kwamfutar mai saye za ta karɓe kuɗin da ni na yi wa wahala? Abin ya shafe mu a nan, ko rigimar Amurka ce kawai? Kuma akwai yadda mutum zai gani da idonsa, ba ji-ta-ji-ta ba?

Injiniya T/Wada:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, abin gaskiya ne, amma ba za ka ga ɓarakar ba sai ka san yadda ake lissafin kamasho.

Linkin da aka ba ka ba ya kai mai saye shago kai tsaye. Yana fara bi da shi ta sabar kamfanin tsakani, irin su Impact, CJ, Awin ko Rakuten Advertising, waɗanda ke haɗa shaguna da dillalai. Can ake rubuta cewa dillali mai lamba kaza ya turo mutum da ƙarfe kaza, sannan a wurga shi shagon cikin ƙiftawar ido. Da ya sauka sai a ajiye ɗan ƙaramin bayani a burauzarsa, shi ne kuki, ɗauke da lambar wannan dannawar. Kuki yana da wa'adi. Na Amazon awa 24 ne kacal, sai dai in mutum ya jefa kayan a kwando cikin awannin nan, to za a iya lissafa maka cinikin har zuwa kwana 90. Wasu shagunan kwana 7 suke bayarwa, wasu 30, wasu fiye. Ranar da aka biya kuɗi, shafin godiya ya karanta kukin, ya aika wa kamfanin tsakani cewa ga ciniki, ga mai shi.

To gurbin mai shi ɗaya ne, kuma yawancin shaguna na bin tsarin dannawar ƙarshe. Wanda aka danna linkinsa daga ƙarshe kafin a biya, shi ke ɗauke kamashon kacokan, ko da wani ne ya kwana uku yana bayani. Ka ɗauka kai ka taro fasinjan Kano tun daga bakin titi, ka riƙo masa jaka har cikin tashar Kawo. Yana ɗaga ƙafa zai shiga mota, wani ya ce "Alhaji dakata in duba ko za a rage maka", ya karɓi jakar, ya dawo ya ce babu ragi, ya zagaya ya amshi kamasho domin shi direba ya gani da jaka a hannu. Aikin ekstenshan ɗin ke nan. Ita ma dillaliya ce mai rajista, tana da nata linkin, kuma ta zaɓi tsayawa a wurin da babu wanda zai zo bayanta: shafin biyan kuɗi.

Honey dai Ryan Hudson da George Ruan ne suka kafa ta a 2012 a Los Angeles, PayPal ya saye ta a kan kusan dala biliyan 4, cinikin ya kammala a Janairun 2020. Ranar 21 ga Disamba, 2024 wani mai binciken YouTube da ake kira MegaLag ya saki bidiyon da ya tayar da ƙurar. Abin da ya nuna shi ne, da zarar mai saye ya danna akwatin Honey a shafin biya, sai wani ɗan tab ya buɗe a gefe, ya bi ta linkin dillancin PayPal, ya rufe kansa. Daƙiƙoƙi ne. Kukinka ya tafi, nasu ya zauna. Inda abin ya fi ciwo: ya nuna hakan na faruwa ko da ba a samu lambar rangwame ko ɗaya ba, mutum ya danna maɓallin sallamar akwatin kawai. In kuma babu batun lamba, sai a yi masa tayin makin PayPal Rewards, wanda a da ake kira Honey Gold. A gwajin da ya yi da NordVPN, kamashon cinikin dala 35 ne, makin da aka ba mai saye kuma 89, wato senti 89. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Kuma masu bidiyon da Honey ta biya suka tallata ta, su MrBeast da Marques Brownlee da Linus Tech Tips, da bakinsu suka sa masu kallonsu suka girka abin da ke iya cinye linkin kowane mai bidiyo. Kamfanin Linus ya raba gari da ita tun kafin rigimar ta fito fili, bayan ya lura da batun kukin.

Akwai zargi na biyu da ya shafi mai saye shi kansa. Tallar ta ce manhajar na lalubo maka rangwame mafi tsoka. MegaLag ya nuna cewa shagon da ya shiga yarjejeniya da Honey yana da ta-cewa a kan lambobin da za a nuna. Ma'ana lambar kashi 20 na iya kasancewa a waje, a nuna maka ta kashi 5, ka ɗauka an gama bincike, ka daina nema.

Kada ka ce babu doka a harkar. Kamfanonin tsakani na da ƙa'idar janye jiki: in ekstenshan ta ga wani dillali ne ya kawo mutum, dole ta yi shiru, kada ta fito da akwatinta. Wata alama da aka daɗe ana amfani da ita ita ce afsrc=1 a jikin linki. Sai dai ita manhajar ce ke duba alamar, ita ke yanke wa kanta hukunci, kuma kamfanin tsakani na samun kasonsa ko wane dillali ya ci. PayPal ya kare kansa da cewa Honey na bin ƙa'idojin harkar, har da tsarin dannawar ƙarshe. Ni a ganina wannan amsar ba ta wanke su ba, amma ta nuna inda ruɓar take. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Hajiya Mai Atamfa:

Injiniya, Allah ya saka da alheri. Ana ta tausaya wa mai bidiyo, an manta mai shago, alhali aljihunsa ake ɓulawa ta fuska biyu.

Ga lissafi na misali. Kaya na ₦50,000, ribarsa ₦10,000. Mai saye ya riga ya yanke shawara, kati na hannunsa. Ekstenshan ta cusa lambar kashi 10, ₦5,000 ta tafi. Sannan a biya ta kamashon kashi 5 na ₦45,000 da ya rage, ₦2,250. Riba ta dawo ₦2,750 a cinikin da dama zai faɗa ko babu ita. A rahoton wata kuma sai a ga manhajar rangwame ce ta fi kowa kawo ciniki, mai bidiyon da ya yi aikin yana can ƙasa. Mai shagon da bai gane ba sai ya sallami mai bidiyon ya ƙara wa manhajar kaso. Bayan wata biyu ya rasa dalilin da baƙi suka daina shigowa.

Hanyar gane dillalin bakin ƙofa ba wuya. A rahoton kamfanin tsakani, ku duba tazarar da ke tsakanin dannawa da biyan kuɗi. Wanda ya kalli bidiyo yakan ɗauki mintoci ko kwanaki yana juya abin. In kun ga dillalin da cinikinsa kusan duka ke faɗawa cikin minti ɗaya ko biyu da dannawa, bai kawo kowa ba, ya tarar da su ne a layi. Irin wannan ko dai a cire shi, ko a rage masa kaso, ko a ce ba a biyansa sai a kan sabon mai saye.

Sai zubar lamba. Lambar da aka yi wa mutum ɗaya ko 'yan wani guruf, da zarar an rubuta ta a burauzar da ke ɗauke da irin wannan manhaja, ko wani ya tura ta shafin tattara lambobi, ta zama ta kowa. Masu shago a WooCommerce, manhajar buɗe shago a intanet, maganin na cikin saitin lambar tun asali: akwai ranar ƙarewa, mafi ƙarancin kuɗin saye, adadin sau nawa za a yi amfani da ita gaba ɗaya, sau nawa mutum ɗaya zai yi, har da taƙaita ta ga wasu imel. Yawancin mutane ba sa cika ko ɗaya. Kuma kada a yi lamba mai saukin canka irin SALLAH10 a bar ta shekara guda.

Akwatin rubuta lamba shi kansa fitina ne. Mutum ya zo biya, ya ga fili fanko an rubuta lambar rangwame, sai ya ji kamar an bar shi a baya, ya tafi Google ya rubuta sunan shagon, ya faɗa shafin lambobi, ya danna "nuna lamba". Wannan dannawar ma linkin dillanci ce, kuki ya sauya, babu ekstenshan ko ɗaya a ciki. Gara a mayar da akwatin ɗan rubutu ƙarami da sai an taɓa yake buɗewa, ko a sa rangwamen ya shiga da kansa ta linkin dillalin.

Ga masu bidiyo kuma, ɗana, abin da za ka nema a rubuce tun kafin ka fara talla shi ne lamba ta kanka, da sharaɗin cewa in an yi amfani da ita ciniki naka ne ko kukin wa aka tarar. Amma ka sani in lambarka ta zube, mai shago zai ga ana biyanka a cinikin da ba kai ka kawo ba, ya rufe ta. Ku riƙa sauya ta duk wata, ko duk bidiyo.

Ɗan Kawo:

Na gode Hajiya, na gode Injiniya. Saura gwajin. Yaya zan yi in ga kukin na sauyawa? Kwamfuta ce da ni mai Chrome.

Injiniya T/Wada:

Ka buɗe sabon furofayil a Chrome, wanda babu komai a cikinsa, domin tsohon cike yake da kukis da za su rikita ka. Kada ka girka komai tukuna. Danna F12, ko Ctrl+Shift+I. A sashen Network ka sa alama a Preserve log, in ba haka ba duk sauyin shafi zai share abin da aka rubuta. Yanzu manna linkinka ka shiga. Za ka ga layuka masu lamba 301 ko 302, su ne wurge-wurgen da na faɗa. Sunan sabar zai gaya maka kamfanin tsakani: click.linksynergy.com na Rakuten ne, awin1.com na Awin, anrdoezrs.net da jdoqocy.com na CJ. A adireshin da ka sauka ka duba wutsiyar: irclickid na Impact ne, cjevent na CJ, awc na Awin, ranSiteID na Rakuten, tag na Amazon. Ka kwafe abin da ke bayan alamar daidai ka ajiye.

Sai ka koma sashen Application, ka buɗe Cookies a hagu, ka zaɓi adireshin shagon. Sunan kukin ya bambanta daga shago zuwa shago, don haka kada ka nemi suna, ka nemi wanda ke ɗauke da lambar da ka kwafe. Ɗauki hoton allo da agogon kwamfutar a ciki. Jefa kaya a kwando, je shafin biya, sake duba kukin. Wannan zagaye na farko ke nan, kuma ya kamata lambar ta tsaya yadda take. In tun a nan ta ɓace, matsalarka ba ekstenshan ba ce, linkinka ko shagon ne.

Zagaye na biyu, share kukis, girka ekstenshan ɗin da kake zargi ita kaɗai, maimaita komai, amma kada ka taɓa ta. Abin lura: ta fito da akwatinta ko ta yi shiru? In ta fito alhali ta linkin dillali aka shigo, ba ta janye jiki ba. Zagaye na uku ka danna ta. Ka sa ido a saman burauza ko wani tab zai ƙyafta, ka sabunta jerin kukis, ka kwatanta da hoton farko. Lamba ta sauya, an maye gurbinka.

Inda mutane ke kuskure: abin da ɗan tab ɗin ya yi ba zai bayyana a Network na shafinka ba, domin kowane tab da nasa. Ka duba tarihi da Ctrl+H, ko ka je chrome://extensions ka kunna Developer mode, ka buɗe service worker na manhajar ka kalli nata zirga-zirgar. Sannan ka gwada kana cikin asusun manhajar, ka kuma gwada ba ka ciki, a shago fiye da ɗaya, domin halinta na iya bambanta. Gwaji ɗaya ba hujja ba ne. Wasu shagunan kuma a sabarsu suke riƙe lissafin, kuki alama ce kawai, hukuncin ƙarshe na cikin rahoton da manajan shirin dillancin ke gani.

Gargaɗi babba: kada ka kammala sayen da linkinka. Shirye-shirye da yawa, har da na Amazon, sun haramta dillali ya saya wa kansa ta linkinsa, kuma za a iya rufe asusun da kuɗinka a ciki. Ka tsaya a shafin biya. In lallai kana son ganin wa aka rubuta wa cinikin, ka nemi izinin manajan a rubuce tukuna.

Baban Ummi:

Duk abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, amma Ɗan Kawo ya yi tambaya ta biyu ba a amsa masa ba, kuma ina jin a wurinmu ba a kan ekstenshan gizo ke saƙar ba. Masu kallon bidiyon Hausa da me suke saye? Waya. Chrome na Android ba ya ɗaukar ekstenshan sam. Firefox na Android yana ɗauka, Safari na iPhone ma yana ɗauka tun iOS 15 a 2021, amma mutum nawa ne a Rigasa ko Unguwar Sanusi suka girka manhajar rangwamen shagunan Amurka a ciki? Wanda abin ya shafa kai tsaye shi ne mai tallar hostin, VPN, manhajojin aiki da kwasa-kwasan waje, inda ake saye da kwamfuta, da wanda masu kallonsa ke zaune a Amurka ko Ingila. Mai tallar wayar da ake saye a shagunan cikin gida, ramukan da kamashonsa ke zuba daban ne.

Mafi girma shi ne burauzar cikin manhaja. In an danna linki a Facebook, Instagram ko TikTok, shafin na buɗewa a wata 'yar burauza ta cikin manhajar, kuma kukinta bai haɗu da na Chrome ba. Mutum ya duba kaya a can, ya rufe, da dare ya buɗe Chrome ko manhajar shagon ya saya. Babu wanda ya saci komai, amma babu abin da ke nuna kai ka kawo shi. Haka in linkin ya tsallaka zuwa manhajar shagon kuma ba a ɗinke bin sawun da kyau ba. Ga ɗabi'armu ta ɗaukar hoton kaya a tura wa ɗan'uwa mai kati ya saya, ko a ga farashi a intanet a gangara Kasuwar Sheikh Gumi ko shagunan titin Ahmadu Bello a saya hannu da hannu. Ga biya in kaya sun iso: an yi oda, dashbod ya nuna ciniki, mai kawowa ya kira ba a ɗaga ba, oda ta rushe, kamasho ya bi ta. Ko an karɓa, sai wa'adin mayar da kaya ya wuce ake tabbatar da kuɗin. A iPhone kuma, tun 2019 Safari ke yanke wa kukin da shafi ya rubuta da JavaScript wa'adin kwana 7, ko da shirin ya yi alkawarin 30.

Don haka kafin a kama ɓarawo a raba lissafi. Yawancin shirye-shirye na barin ka ƙara alamar kanka a wutsiyar linki. Yi ɗaya don YouTube, ɗaya don TikTok, ɗaya don WhatsApp, ka bar su wata guda, ka duba rahoto ta na'ura da ta ƙasa. In zubar a waya take, koma ga abin da na lissafa. In a kwamfuta take, musamman daga ƙasashen waje, to maganar Injiniya ce.

Akwai dai wata kusurwa da ta shafe mu sosai. Kwamfutoci 'yan Kwatano da na shagunan buga takardu, da waɗanda aka cika da manhajojin fashi, sukan zo da ekstenshan ɗin da mai su bai san da su ba, wasu aikinsu ke nan, cusa lambar dillanci a duk shagon da aka shiga. In kwamfutarka ta gida ce amma Chrome na cewa Managed by your organization, je chrome://policy ka ga abin da aka tilasta mata.

Barista U/Rimi:

Baba ya yi gyara mai kyau. Bari in kawo abin da ya biyo baya, domin wasu na zaton an riga an yanke hukunci a kan kowa.

Kwana takwas da fitar bidiyon MegaLag, ranar 29 ga Disamba, 2024, aka shigar da ƙarar gayya a kotun tarayya ta Arewacin Kalifoniya, Wendover Productions na Sam Denby na cikin masu ƙara, lauya Devin Stone na tashar LegalEagle na cikin lauyoyinsu. Gamers Nexus ta shigar da tata a Janairun 2025, daga baya aka haɗe ƙararrakin. Tuhume-tuhumen sun haɗa da shiga tsakanin yarjejeniyar wasu, cin dukiyar da ba a cancanta ba, da saɓa dokar Kalifoniya ta hana gasar rashin adalci. Ba Honey kaɗai ba: an kai Capital One Shopping, da Microsoft saboda sashen rangwamen da ke cikin burauzar Edge, da wasu. A makonnin farko masu amfani da Honey a Chrome sun sauko daga kimanin miliyan 20 zuwa 17.

Wahalar irin wannan shari'a ita ce hujja. Bai isa ka nuna kuki na sauyawa ba. Sai ka nuna ciniki takamaimai, ka nuna yarjejeniyarka ta ba ka haƙƙin kamashonsa, ka nuna da ba don manhajar ba kai za a biya. Bayanan nan kuma suna hannun shago da kamfanin tsakani, ba hannunka ba. Ga shi yarjejeniyar da ka sa wa hannu ita da kanta ta ce dannawar ƙarshe ke ci. Shi ya sa ake bambanta wannan da tsohon laifin cusa kuki. A shari'ar eBay, Shawn Hogan, wanda aka biya sama da dala miliyan 28 na kamasho, ya amsa laifin zamba ta hanyar sadarwa aka ɗaure shi wata 5 a 2014, Brian Dunning kuma wata 15. Su ana dasa kukin ne ba tare da mutum ya danna komai ba. Masu kare manhajojin rangwame na cewa a nan mai saye ya danna da hannunsa. Masu ƙara na cewa ya danna ne bisa abin da aka ɓoye masa.

Abin da ya fi saurin tasiri ba kotu ba ce, Google ne. A Maris 2025 ya sauya ƙa'idar shagon ekstenshan na Chrome, aka fara aiwatarwa ranar 10 ga Yuni, 2025: dole a bayyana harkar dillancin a fili kafin a girka, dole sai mai amfani ya yi wani abu da kansa kafin a sa linki ko kuki, kuma dole ya samu amfani na zahiri a lokacin, kamar rangwame ko kuɗin da ake mayar masa. Wannan ya toshe dabarar "ba mu samu lamba ba amma mun ɗauki kamasho". Bai toshe ta senti 89 ba, domin ɗan maki ma amfani ne a takarda. Tsugune ba ta ƙare ba.

A gida, dokar gasa da kare mai saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta hana yaudarar mai saye da bayanin ƙarya, dokar kare bayanan sirri ta 2023 kuma ta shafi tattara bayanan mutane. Amma waɗannan mai saye suke karewa. Dillali madogararsa yarjejeniyarsa ce. Ka karanta sashen wa'adin kuki, sashen wanda ake ba ciniki in dillalai sun haɗu, ko ana karɓar masu ekstenshan a shirin, da kwanakin da aka ba ka ka yi ƙorafi. Shi ma mai bidiyo akwai nauyi a kansa: ya faɗa wa masu kallo cewa linkin na kamasho ne.

Ɗan Kawo:

Allah ya ƙara basira, Baba da Barista. To me zan ce wa masu kallo, su cire ta gaba ɗaya?

Injiniya T/Wada:

Wannan zaɓinsu ne, amma ka nuna musu izinin da suka bayar. A chrome://extensions su danna Details. Irin waɗannan manhajoji na neman karantawa da sauya bayanai a duk shafin da aka shiga, shi ya sa a Disambar 2019 Amazon ya riƙa gargaɗin masu sayayyarsa a kan Honey, ita kuma ta musanta cewa akwai haɗari. Wanda ba ya son cirewa, ya mayar da Site access zuwa On click, manhajar ba za ta ga shafi ba sai an kira ta. In ya kira ta a shafin biya kuwa, kukin zai iya sauyawa kamar da.

Wanda ke son kamashon ya isa gare ka, ya buɗe tagar sirri da Ctrl+Shift+N, inda ekstenshan ba sa aiki sai an ba su izini na musamman, ya manna linkinka, ya gama sayen a zama ɗaya. In ya rufe tagar kafin ya biya, kukinka ya tafi tare da ita, sai ya sake shiga ta linkin daga farko.